Tumatir ɗin ɗan Italiya da ɗinkin Sallah

Saura kwana goma Sallah ƙanina ya shigo shago ya same ni zaune tsakanin tulin yadi, na dafe kai. Ya ƙirga ledojin da ke jingine da bango, guda arba'in cif. Ya ce, "Yaya, matsalarka ba yawan aiki ba ne, rashin tsari ne." Ɗan jami'a ne, ba a raba shi da shawara.

Ya ce akwai wata dabara da ake kira Pomodoro, wato tumatir da harshen Italiya. Wani Francesco Cirillo ne ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1980, lokacin yana ɗalibi karatu ya ƙi shiga kansa. Sai ya ɗauki agogon kicin mai siffar tumatir yana auna kansa da shi. Ka yi aiki minti 25 ba waiwaye, ka huta minti 5. In ka yi huɗu a jere, ka huta minti 15 zuwa 30. Sharaɗin da ya fi tsauri shi ne ba a raba tumatir biyu: in aka katse ka a tsakiya, wannan ya lalace, sai ka sake daga farko.

Na ɗauki alli na yi lissafi a kan teburin yanka. Kaftani da wando tumatir shida, kaya arba'in tumatir 240, a kwana goma 24 kullum. Ashe abin ma da sauƙi! Daɗin lissafin nan ya sa kafin a sha ruwa na karɓi ƙarin ɗinki goma sha biyu.

Washegari bayan asuba na saita agogon waya, na hau keke. Minti huɗu da farawa sai ga sallamar Baba Alhaji, maƙwabcinmu. Shi kuwa gaisuwarsa kaɗai ta kai tumatir ɗaya da rabi: ina kwana, ina gajiya, ya ibada, ya mai jiki, ya labarin mutanen ƙauye. Na amsa ƙafata na kan keke, na ce, "Baba, a yi mini afuwa, ina cikin tumatir ne."

Ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya duba bayan ƙofa. Ya ce, "Ikon Allah. Ɗinkin ne ba ya ci ka koma kayan gwari?" Na fara bayani, ya ja benci ya zauna don ya fahimta da kyau. Tumatir na farko ya ruɓe a nan.

Na sake saitawa. Minti goma sha ɗaya aka ɗauke wuta, na koma keke mai ƙafa. Na sake saitawa, zaren ƙasa ya ƙare. Wajen hantsi wata yarinya ta tsaya a bakin ƙofa da naira ɗari biyar a hannu, wai an ce a ba ta tumatir da attaruhu. Baba Alhaji ya riga ya kai labari masallaci.

Inda dabarar ta karɓe ni sosai shi ne wajen hutu. Minti biyar ɗin nan ban taɓa saɓa masa ba. Na farko na ce bari in leƙa WhatsApp, na ɗago kai na ga minti arba'in sun tafi a kan gardamar ko azumin bana zai cika talatin. Na bayan azahar kuma na ɗan jingina da buhun ƙyalle, ga zafi ga ƙishirwa. Kiran sallar la'asar ne ya tashe ni. Na tambayi yaron shagona me ya hana agogo ƙara, ya ce, "Ya yi, Oga, har sau biyu. Tausayinka na ji na kashe." A ranar tumatir bakwai na samu cikin 24.

Kwana na huɗu na ɗaura ɗamara. Na rufe ƙofa rabi, na kife wayar, na samu uku a jere ba tangarɗa. A na huɗun na ga saura minti biyu, ga shaddar surukina shimfiɗe a tebur, na ce wallahi sai na yanke ta kafin agogo ya buga. Na fizgo littafin awo, na zana, na sa almakashi. Agogo na bugawa ina gama yankan, har na yi wa kaina kirari. Sai da na ɗaga rigar na ga ko cinyar surukin nawa ba za ta shiga ba. Sunansa ɗaya da jikansa, wanda a gida ake kira Abba, ni kuwa a littafi na rubuta sunan yanka. Awon yaro ɗan shekara tara na bi.

Haka na hau adaidaita zuwa Kantin Kwari da ƙyalle a aljihu ina neman irin launin. Wanda ya taɓa shiga Kwari a goman ƙarshe ya san ba tafiya ake yi ba, tura mutum ake yi. Awa uku na kashe, tumatir shida kenan, ga kuɗin shadda daga aljihuna. Abba dai ya samu kayan Sallah kala biyu, uwarsa har da aiko mini da godiya.

Daren jajibiri mutum tara ne a kan bencina, kowa ya harɗe hannu yana kallon ƙafata. Babu wanda ya katse ni, babu wanda ya bar ni na huta, kuma ban taɓa ɗinki da sauri irin na daren ba. Gari na wayewa ƙanina ya shigo da sabuwar hula da sabon takalmi, ya ce, "Yaya, ina nawa?"

Na nuna masa ledarsa a jikin bango, ko buɗe ta ba a yi ba. Na ce, "Saura tumatir shida."