"Guys" ba sallama ba ce

Jiya bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida da dattawa uku, sai ga ɗan maƙwabtanmu, waya manne a kunne, ya ɗaga mana hannu ya ce "Hi guys", ya wuce. Ba sallama, ba rusunawa. A cikinmu har da wanda ya ci tuwon sunan ubansa. Har yanzu abin yana cina.

Samari, kun ma san mafarin kalmar? Sunan mutum ne, Guy Fawkes, wanda aka kama a Landan a 1605 da gangunan albarushi 36 a ƙarƙashin majalisar dokokin Ingila, zai tashe ta da sarki a ciki. Daga nan duk 5 ga Nuwamba sai Turawa su haɗa mutum-mutumi da tsummokara su ƙona, suna ce masa guy, har sunan ya bi duk mai shigar banza. Amurkawa ne suka wanke ta ta koma "mutum" kawai, "you guys" kuma ta haɗa maza da mata. Mu ma mun ara tuntuni, ga ɗan gaye ga gayu. Ikon Allah, ɗan tsumma ya zama ɗan kwalliya!

Ka ce wa abokinka "my guy" a majalisarku, ba ruwana. Amma sa'an ubanka? Bature da kansa ba ya tsayawa gaban alƙali ya ce masa guy. Zanen aro ba ya rufe katara. Na ji yarinya ta ce wa yayyenta da gwaggonta "guys ku taho mu ci abinci". Na ga ɗalibi ya rubuta wa malamansa haka a WhatsApp. Ga wando a ƙasan ƙugu, ga askin da ko zakara zai ji kunyarsa, amma wannan zancen wata rana ne.

Da, yaro tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Muna da Baba, Kawu, Baffa, Inna, Yaya, Malam, kowa da matsayinsa, yau an zuba su tukunya ɗaya an dama. Iyaye, ku ma kuna ji kuna dariya, wai yaro ya iya Turanci. Ku dai ku gyara.

Dattijon da ke gefena ba ya jin Turanci. Ya juyo ya ce, "Me yaron nan ya ce?" Na ce, "Baba, gaishe ku ya yi."