Mai jinya ma tana da haƙƙi a kanmu

Tun daga ranar 1 ga Satumba 2024, lokacin da ragin rabin kuɗin asibitocin gwamnati ya fara aiki a Nijar, iyalai da dama sun samu sauƙin kuɗin ganin likita da na gwaji da na kwanciya. Mataki ne da ya cancanci yabo, kamar kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta da aka soma a 2006. Sai dai akwai wani kaso na tsadar ciwo da babu dokar da ta taɓa shi, domin ba ya fitowa a takardar biya, wato wahalar mai jinya, wadda ke kula da mara lafiya.

Duk wanda ya kwana a babban asibitin jihar Maradi ya san yadda aikin ya kasu. Ma'aikacin lafiya zai yi allura, ya ɗaura ƙarin ruwa, ya wuce gado na gaba, kuma ba laifinsa ba ne tunda marasa lafiya sun fi ƙarfin ma'aikata. Sauran duka na mai jinya ne: ita ce mai sa ido kada ruwan ya ƙare, mai bin layin sayen magani, mai zubar da fo, mai wanke zannuwa da dama kunu, sannan ta shimfiɗa tabarma a baranda ko ƙarƙashin dogon yaro, wata ma daga Dakoro ko Mayahi ta zo ba ta san kowa a gari ba.

Bayan sallama ne ma aikin yake tsananta. Dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki sai an riƙa juya shi kusan kowace awa 2, dare da rana, in ba haka ba gyambo ya fito masa a ƙugu da dugadugai. Sai an tada shi zaune kafin a ba shi fura da cokali, don kada ya shaƙe. Sai an ɗauke shi cak zuwa makewayi. Wadda take yin wannan, matarsa ce ko ƴarsa ko matar ɗansa, ita ce ta bar suyar ƙosai ko ɗinkin da take samun na gishiri, kuma sau da yawa ƴar makaranta ce ake tsayarwa gida don ta kama mata. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mata ne ke yin kusan kashi uku cikin huɗu na aikin kulawa da ba a biya a duniya, kuma a 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 29 ga Oktoba domin wannan aiki.

Za a ce jinyar iyaye ibada ce, kuma sanya kuɗi cikinta ɓata zumunci ne. Ibada ce, babu ja. Amma wajibin yana kan ƴaƴa duka, maza da mata, ba kan wadda ta fi rashin bakin magana a gida ba. Ɗan da ke Yamai ko Kano yana aiko kuɗin magani ya yi nasa ƙoƙari, amma abin da ya aiko bai biya barcin ƙanwarsa ba, balle jarin da ta cinye. Idan ya bugo waya ya ce "sannu, Allah ya ba da lada" ya kashe, ya bar ta da kayan da ya kamata a raba.

Waɗanda ake ɗauka da kuɗi kuwa, galibi zawarawa da ƴan mata daga ƙauye, ana lissafa su cikin ƴan aikin gida, ana ba su abin da bai kai jaka 42 na mafi ƙarancin albashi ba, babu ranar hutu, babu safar hannu, babu rajista a asusun kare ma'aikata na ƙasa (CNSS).

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Kada a sallami mai ciwo mai tsawo sai an zaunar da mai jinyarsa an nuna mata yadda ake juyi da ɗagawa ba tare da ta karya bayanta ba, da alamomin da ke nuna a komo asibiti da gaggawa. Ɗaliban lafiya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maradi za su iya ɗaukar wannan cikin horonsu. Hukumomin asibiti su tanadi rumfa da famfo da makewayi ga masu jinya. A cikin gida kuma, ranar da aka zauna rabon kuɗin magani, a raba kwanakin jinya tare da shi, a yanka wa wadda ta bar sana'arta wani abu duk wata, ƴaƴa maza kuma su karɓi wankan mahaifinsu da ɗaukarsa.