Kukan yaro kan karensa na farauta ba abin dariya ba ne

Da an kwashe amfanin gona daji ya buɗe, sai ka ga yara da gora, karnuka na biye da su, an nufi inda zomo da gafiya suke. Yaron nan shi ya ɗauko kwikwiyon, ya riƙa rage masa tuwonsa, ya koya masa amsa fito da bin sawu, har ranar da ya kama zomonsa na farko. Amma ran da karen ya mutu, abin da yakan ji daga manya shi ne "kare ne fa, ja shi ka yar." Wannan kuskure ne, kuma yana iya cin rai.

Addini bai hana wannan shaƙuwa ba. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, hadisi kuma ya ba da izinin ajiye kare don farauta ko kiwo ko gona.

Abin takaici, yawancin karnukan nan ba kasa ko kububuwa ke kashe su ba, rashin sani ne. Kwikwiyo na buƙatar maganin tsutsar ciki tun yana sati 2, a maimaita duk sati 2 har ya kai wata 3. Cutar amai da gudawar jini da ke share 'yan kwikwiyo tana da rigakafi, ana farawa daga sati 6 zuwa 8, a ƙara bayan sati 3 ko 4. Sai kuma yaro ya ga kaska ta cika kunnen karensa, ya yi masa wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona, kare ya lashe jikinsa, ya kama dalala da karkarwa. Wani yaron kuma farasitamol yake ɗura masa, ya lalata masa hanta. A watan Maris da Afrilu kuwa zafi ne: kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jiki, don haka gudun tsakar rana ba ruwa kan kwantar da shi.

Inda dariyar manya ta fi muni shi ne ciwon haukan kare. Yaron da ya san za a yi masa ba'a, ko a kashe masa kare, ɓoye cizo yake yi. Ya rungumi karen yana jinya, ya sa hannu a bakinsa wai ƙashi ne ya maƙale. Cutar nan kuwa in alamunta suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Allurar rigakafin cutar ana yi wa kare ita yana wata 3, a sabunta duk shekara, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana haɗa ta. In an yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya ɗaura gashin kare.

Don haka in karen ya mutu, uba ya zauna da ɗansa, ya tambaye shi yadda karen ya fara ciwo, ko ya cije shi, ko ya lashi wani rauni a jikinsa. In akwai shakka, a kira malamin dabbobi kafin a taɓa gawar. In babu, a sa leda a hannu, a haƙa rami mai zurfin kamar mita 1 nesa da rijiya, a bar yaron ya tura ƙasar da kansa. Kada a yi gaggawar kawo masa wani kwikwiyon, musamman in gudawar jini ce, domin ƙwayar cutar takan yi watanni a ƙasar gidan.