Kafin a ƙara kuɗin tikiti a kasuwannin Garwa da Marwa

Duk lokacin da asusun ofishin magajin gari ya yi ƙasa, kasuwa ake nufa. Mai tumatir da ta shimfiɗa buhu a bakin hanya, mai tura amalanke, ɗan acaba, su ne ido ke gani, kuma ba su da wanda zai tsaya musu. Sau da yawa kafin ta yi cinikin fari mai tikiti ya riga ya tsaya a kanta. A ganina wannan hanya ta kai iyakarta, domin kuɗin da biranen arewacin Kamaru ke nema ba a ɗaure suke a bakin zanen wannan baiwar Allah ba.

Ba wai magadan gari ba su da uzuri ba ne. Tun 2008 aka mai da Garwa da Marwa da Ngaundere manyan hukumomin birni, kowace da ƙananan hukumomi uku a cikinta, amma har zuwa 2020 shugaban ƙasa ne ke naɗa mai riƙe da birnin. Dokar 24 ga Disamba 2019 ce ta kawo magajin birni da kansiloli ke zaɓa, ta kuma ce kason da gwamnati za ta ware wa ƙananan hukumomi da yankuna ba zai gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigarta ba. An miƙa ayyuka, kuɗin kuwa ba su biyo da wannan yawa ba. Ga albashi, ga shara, ga fitilun titi, ga magudanan da ke toshewa duk damina.

Abin da ba a cika faɗa wa 'yan kasuwa ba shi ne sun riga sun biya. Harajin TVA, wanda ake ɗorawa kan farashin kaya, kashi 17.5 ne cikin 100, ƙarin da ke kai shi 19.25 na ƙananan hukumomi ne. Wato duk wanda ya sayi siminti ko katin waya ya saka wani abu a asusunsu. Sai dai kuɗin sukan bi ta baitulmalin gwamnati da FEICOM, asusun tallafa wa ƙananan hukumomi da aka kafa a 1974, kafin a raba, kuma sukan yi jinkiri. Tikiti kuwa a hannu ne, yau-yau. Shi ya sa ake son sa.

To, nawa ne cikin na hannun ke isa asusu? Duk mai zama kasuwa ya san yadda ake yi: tikitin sefa 100, a karɓi 50 ba takarda, kowa ya kama gabansa. A kasuwar shanu irin ta Adumri ko Bogo, inda kuɗin kowane kai ya fi haka nesa ba kusa ba, ɓarakar ta fi girma. Ƙara farashi a kan wannan tsari zuba ruwa ne a kwando. Gara a fara da karɓa ta Orange Money da MTN MoMo kai tsaye zuwa asusun hukuma. Za a ce tsohuwa mai sayar da kuɓewa ba ta da waya. Gaskiya ne, amma mai karɓar yana iya riƙe na'urar da ke fitar da rasit nan take. Sannan a kafa allo a ƙofar kasuwa, duk mako a rubuta abin da aka tara da abin da aka yi da shi. Wanda ya ga an gyara masa rumfa da makewayi ba ya gudu in ya hango mai tikiti.

Babban kuɗin da aka bari kwance kuwa harajin filaye da gine-gine ne, wanda ake biya duk shekara bisa darajar dukiya, kuma na ƙananan hukumomi ne. Titunan da aka shimfiɗa a Garwa da kuɗin C2D, shirin Faransa na mai da bashi kuɗin ayyukan raya ƙasa, da waɗanda aka yi saboda gasar cin kofin Afirka ta Janairun 2022, sun ɗaga darajar filayen da ke bakinsu. Masu benaye da otal-otal sun amfana. Karɓar wannan haraji na bukatar ƙidayar gidaje da lambar kowane gini, aikin da ba ya fin ƙarfin kowa. Wahalar ita ce masu gidajen manyan alhazai ne da manyan ma'aikata, waɗanda ake gaisawa da su a ɗaurin aure.

Akwai kuma batun samar da abin da za a karɓi haraji a kansa. Cinikin Marwa ya sha duka tun 2014 da rikicin Boko Haram ya tsayar da hanyar Banki da Amchide ta kan iyakar Najeriya, matsa wa 'yan kasuwar da suka rage korarsu ne. Rumbun adana albasa na haya zai kawo wa hukuma kuɗi, ya kuma hana manomi karyar da kayansa lokacin kaka. A Ngaundere, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, manyan motocin Chadi na bukatar tasha mai katanga da ruwa da tsaro, direba kuma zai biya da ransa ɗaya.

Dokar harajin ƙananan hukumomi ta Disamba 2024 ta haɗe wasu harajin ƙananan 'yan kasuwa wuri guda. Ya rage wa kansiloli su nemi a karanta musu, kasuwa-kasuwa, abin da aka tara bara kafin su sa hannu a kan kowane ƙari.