Sanda Ta Goma Sha Huɗu

Mu Katsinawa holo muka gada tun zamanin Sarki Dikko, amma ni da doki ba ma jituwa, shi ya sa na koyi wasan golf, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda daga rami zuwa rami, lokacin da nake aiki a Kaduna. Da na yi ritaya, sai babban ɗana ya biya mini kuɗin hutun mako guda a tsibirin Morishas da ke cikin Tekun Indiya, inda akwai filin golf da ba a isa gare shi sai an shiga jirgin ruwa.

Tafiyar ta faɗo a watan Disamba, hunturu ya kankama a Katsina, don haka na fara da bargo, da rigunan sanyi biyu, da man shafawa saboda kaushi. Sai da na gama danne akwati da gwiwa yaron ya bugo waya ya ce, "Baba, ai can yanzu zafi ake yi da ruwan sama, domin tsibirin yana kudu da tsakiyar duniya." Na fitar da bargo, na ce manyan rigunana uku na shadda kuwa ba inda za su. Ya ce a filin ƙaramar riga mai kwala ake sawa. Na tambaye shi ko da ita zan je masallacin Juma'a a Fot Luwis, babban birnin ƙasar, sai ya yi shiru.

Hajiya kuma tun da ta ji an ce tsibiri, ta yanke hukuncin cewa ba a cin komai a can sai kifi. Ta haɗa kilishi, da dambun nama, da yaji, da garin kunu, da man shanu cikin gora. Na ce, "Hajiya, kilo 23 kawai aka yarda akwati ya kai, kuma ƙasashe da yawa ba sa barin a shigar musu da nama." Ta ce, "Alhaji, kilishi ai guzuri ne, wa ya ce nama ne?"

Da yake ba mu da sikeli, sai na aika aka kira wani ɗan gwangwan da ke yawo a unguwarmu da nasa. Akwati ya tashi kilo 31. Ina cikin lissafin abin da zan rage, sai na waiga na ga mutumin ya zare sandunan golf ɗina daga jaka ya rataya a sikeli, yana cewa ƙarfen mai kyau ne, zai saya a kan kilo, amma ban da masu kan kwakwa. Sandunan da na yi shekara uku ina tara kuɗinsu! Na sallame shi da goro da rigar sanyi guda.

A daren tafiya na zaunar da jikana mai shekara takwas, na koya masa cewa dokar wasan ba ta yarda ɗan wasa ya ɗauki fiye da sanduna 14 ba, nawa kuma 14 ne cif, saboda haka ya ƙirga ya zuge jakar. Ban san cewa tun da rana mai gadi ya ari guda ya kashe kunama, ya jingine ta a bayan ƙyaure ba. Yaro ya ƙirga ya sami 13, ya ji tsoron faɗa, ya yi dabararsa.

Washegari a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ma'aikacin da ke duba kaya ya daɗe yana kallon na'urarsa, sannan ya ce in buɗe jakar. Ya zaro muciyar Hajiya, da sauran busasshen tuwo a bakinta, ya ɗaga ta a gaban layin matafiya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ita wannan a rami na nawa ake buga ta?"

Kafin in sami amsa wayata ta yi ƙara. Hajiya ce, ruwan tuwo ya tafasa, tana tambaya ko na ga muciyarta.