Batirin zuciya: mu ƙarko muke nema

Jama'ar Garwa da Marwa, duk wanda aka taɓa sa wa wani nasa batirin zuciya, wato na'urar da ake dasawa a ƙirji don daidaita bugun zuciya, ya san kashe kuɗi ba ya ƙarewa a ranar aiki. Ranar canji tana nan tafe. Shi ya sa nake ganin binciken da ake yi kan kayan ƙera waɗannan na'urori ya fi shafarmu a kan Turawan da ke yinsa.

Cikin jikin mutum ba mazaunin kayan lantarki ba ne: ruwa ne mai gishiri, ga ɗumi, ga jikin kansa yana yi wa baƙon abu ƙawanya da nama mai tauri. Batirin zuciya na farko da aka dasa, a Suwidin a 1958, awoyi kaɗan ya yi ya tsaya. Mai shi, Arne Larsson, sai da aka canza masa fiye da sau 20 kafin ya rasu a 2001. Batiran da suka biyo baya da ƙyar suke wuce shekara 2. Zuwan batirin litiyom a shekarun 1970, da rufe na'urar ruf a gwangwanin titaniyom, su suka kai mu yau da ake cin shekara 10 ko kusa da haka.

Amma siririyar wayar da ke shiga cikin zuciya ita ce lagon. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, duk bugu sai wayar ta lanƙwasa. Wace roba ce za ta jure wannan shekara da shekaru ba ta tsage ba? Nan masu bincike suke fama, wasu ma suka yar da wayar gaba ɗaya, kamar na'urar Micra da Amurka ta amince da ita a 2016.

Bature in batirinsa ya yi sanyi, asibiti na bayan gidansa, inshora ta biya. Mu fa? Mota zuwa Gaundare, kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, wani har Duwala, ga masauki, ga mai jinya, a sayar da bijimi ko gona. Dattijo mai shekara 70 sau nawa zai yi wannan tafiya?

Na ga ana ta yaɗa labarin 'yar mitsitsiyar na'urar nan da ke narkewa a jiki. Madalla, amma ta wucin gadi ce, don jarirai bayan tiyata. Ni wadda za ta yi shekara 20 a ƙirjin Baffa ba a sake tsaga shi ba nake jira, ko da ba ta haɗuwa da wayar salula.