Hoton da Google ya nuna maka yana da mai shi

Mutane da dama sun ɗauka cewa duk hoton da Google ya fito musu da shi na kowa ne, muddin babu tambarin wani a jikinsa. Ba haka abin yake ba. Google nuna inda hoto yake kawai yake yi, amma haƙƙin mallaka yana hannun wanda ya ɗauki hoton ko da bai yi rajista ba, kamar yadda Yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, wadda aka ƙulla a 1886 kuma Najeriya da Nijar suke cikinta, ta tanada. Rubuta "Hoto: Google" a ƙasa bai wanke kowa ba, kuma ambaton sunan mai hoton ma ba izini ba ne.

Mafi sauƙi shi ne a nemi hoto mai lasisin Creative Commons, wato izinin amfani da mai hoto ke bai wa kowa bisa wasu sharuɗɗa, irin waɗanda ke rumbun hotuna na intanet mai suna Wikimedia Commons, a kuma karanta sharaɗinsa. A wannan lasisi, alamar BY tana wajabta ambaton mai hoton, yayin da NC ke hana amfani da shi wajen kasuwanci, don haka mai tallar atamfa a shafinsa ba shi da damar taɓa irin wannan sai da yardar mai shi.